Gurbin Yatsa a Ƙafar Kawu

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa zai koma. Wannan karon Kawu aka kira, yayan mahaifiyata, ya amsa. Yau kwana arba'in ke nan. Na zauna in rubuta abin da na sani game da shi tun kafin mutane su gama gyara labarin, domin tun ranar farko na ga an fara gyarawa.

Sanarwar da ta zaga wayoyin mutanenmu cewa ta yi ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. A cikin jirgin ƙasa na karanta ta, tsakanin Lyon da Paris, sai da na kife wayar a cinyata don haushi. Gajeruwa! Ciwon da ya yi shekaru yana cin mutum a hankali, yana tashi da shi yana kwana da shi, shi ne aka taƙaice da kalma ɗaya don kada kowa ya ji nauyi.

Da na isa gidansa a Aubervilliers, a gefen Paris, takalman masu ta'aziyya sun cika bakin ƙofa har sun gangara kan matakala. A cikinsu na hangi nasa, ba wanda ya tuna ya ɗauke. Baƙaƙen takalman aiki ne, an tsaga gefensu da reza, an take bayansu sun kwanta. Ban yi kuka a jirgi ba, ban yi a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba. A kan waɗannan takalma na yi.

A ciki kowa da bayaninsa. Wani tsoho da suka yi aiki tare a kasuwar Rungis yana ta girgiza kai yana cewa, "Sanyi ne. Sanyin wurin nan shina shiga ƙashi, ba ya hita." Wata Hajiya ta rage murya ta ce ai bakin mutane ba ya barin mai kirki. Ɗaliban da Kawu ya tarba shekara da shekaru sun jeru a tsaye jikin bango, wasu har yanzu sanye da rigunan sanyin da ya ba su. Tanti, matarsa, tana ƙuryar ɗaki da carbi, ba ta ce wa kowa komai sai amin. Ƴarsa tilo, wadda aka haifa a nan, ta rungume ni tana maimaita magana ɗaya, amsarsa ta lafiya lau da Faransanci: "Kullum ça va, Yaya. Kullum in na tambaye shi, ça va."

Sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ga Lokotoro ta iso." Sunan da Kawu ya liƙa mini ke nan, ko da yake na gaya masa sau ba adadi cewa ni ba likita ba ce mai duba marasa lafiya, bincike nake yi a labo, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya.  Ba wanda ya faɗi abin da ke ransa, amma na ji shi. Inna, mahaifiyata, ce ta faɗe shi da yamma, ta waya daga Maraɗi, ba da faɗa ba, da muryar wadda ke son ta gane: "Ke da ke karatun ƙoda, ɗiyata, ba ki gani ba?"

Wannan tambaya ce nake amsawa a nan. Amma kafin in amsa, bari in faɗi wane ne shi.

Kawu ya fi shekara talatin a sashen kayan marmari na Rungis. Ya fara da ɗaukar kwali, ya ƙare shi ake kira in an kawo kaya ana shakkar su. Ba ya yanka mangwaro ya duba. Ɗauka yake yi, ya ɗora babban yatsansa kusa da hancin, ya danna kaɗan, ya ɗaga. In fatar ta dawo, ya ce a sa a gaba. In gurbin yatsan ya zauna, ya tura gefe, komai kyawun jikinsa. Na taɓa yi masa gardama a kan wani mangwaro ja jawur mai sheƙi. Ya miƙo mini wuƙa ya ce, "Yanka ki gani, Lokotoro. Daga ciki take hwarawa." Na yanka, cikin ya yi baƙi. Ya yi ta dariya har da tari. Wannan magana ta zama tasa. Ko labarin auren da ya mutu aka kawo masa, ko na ƙungiyar da ta watse, sai ya ɗaga babban yatsa ya faɗe ta.

Akwai wani kabad a gidansa da Tanti ta haƙura da shi. Rigunan sanyi ne a ciki, na maza da na mata, wasu ya saya a gwanjo, wasu ya roƙa. Duk ɗalibin da ya sauka daga Nijar da ƴar rigarsa ta shan iska, Kawu zai ji labari, ya je ya same shi da leda. Ba ya tambayar ɗan wane ne. Tambayarsa ɗaya ce, "Ka ci abinci?" Ni ma haka ya tarbe ni. Rigar da ya ba ni ta kai mini har ƙwauri, launinta kuwa ba ya da suna. Na ce Kawu, wannan ai ta tsohuwa ce. Ya ce, "Sanyi bai san yayi ba. Sa." Na sa ta shekara huɗu.

Yana da ƙane, wanda muke kira Kawu Ƙarami, shi ya kawo shi ƙasar nan ya sama masa aiki a gefensa. Kawu Ƙarami yana zaune a fuwaye a Montreuil, gidan nan na ma'aikata inda maza ke kwana ɗaki-ɗaki, iyalinsa suna gida. Duk Lahadi Kawu zai je can su ci tuwo a kwano ɗaya, su yi musu a kan abin da ya wuce shekara arba'in, wa ya bar akuya ta ci dawar Baba. Ba su taɓa warware maganar ba.

Da na samu gurbin bincike a Lyon, Kawu ya fi ni murna. Ya sanar da duk Rungis. Wata Asabar ya hau jirgin ƙasa ya zo ya ga wurin da idonsa, babbar riga a kan suwaita, da ƙunshin kilishi da yaji, da mangwaro shida da ya zaɓa da kansa. Labo ba kowa sai mai gadi. Na zaunar da shi gaban allon kwamfuta na nuna masa hoton abin da nake kwana nake tashi a kai.

Na ce masa a cikin kowace ƙoda akwai ƴan ƙulle-ƙullen jijiyoyin jini, ƙanana ƙwarai, masu yawan gaske, a nan ake tace jini. A bayan kowace jijiya akwai wasu ƙwayoyin halitta da suka rungume ta, Turawa na ce musu podocyte. Suna da yatsu da yawa, yatsun wannan na shiga tsakanin na wancan. Na sarƙe yatsun hannayena biyu na nuna masa. Ta ƴan tsagogin da ke tsakanin yatsun ruwa da datti ke wucewa, abin da jiki ke buƙata ya tsaya. Kawu ya sarƙe nasa yatsun ya ɗaga su wajen fitila yana leƙe.

"Rariya ce ke nan," in ji shi.

"Rariya ce, Kawu, amma mai rai."

"To in ta yage?"

Na ce in waɗannan ƙwayoyin suka ji rauni, yatsun sukan baje su shafe, wasu ma su saki su faɗi, kuma wanda ya faɗi da wuya wani ya maye gurbinsa. Wurin sai ya zama tabo. Furotin, wato abin da ke gina jiki yana kuma riƙe ruwa a cikin jini, sai ya riƙa zurarewa. Ruwa ya tsere ya taru a ƙafafu da fuska. Mutum ba ya jin zafin komai, shi ya sa ciwon ke da mugunta.

"In ba ya jin zahi, da mi za ya gane?"

A nan ne na yi abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Amsar tana bakina: fitsari zai riƙa kumfa. Na faɗe ta a gaban malamai, na rubuta ta a takardu, na tsaya a taro na nuna hotonta. Amma a gaban yayan uwata, da harshen da aka yi mini tarbiyya da shi, sai bakina ya yi nauyi. Na sunkuyar da kai na ce, "Akan ga alama a... in mutum ya je kama ruwa. Kumfa."

"Kumfa kamar ta mi?"

"Kamar ta sabulu. Wadda ba ta saurin kwanciya."

Ban ɗaga kai ba. Da na ɗaga, da na ga fuskarsa. Ya gyara hula ya ce, "Ina gabas a ɗakin ga naku? La'asar ta yi." Ni kuwa har da jin daɗi an bar maganar. Na shimfiɗa masa rigar labo mai tsabta ya yi salla a kai. Daga baya na san cewa a ranar nan ya riga ya yi watanni yana ganin kumfar. Ya yi tafiyar awa biyu a jirgi, ya zauna gaban mutum ɗaya tak a danginsa da ya san ma'anarta, ya kai tambayarsa har bakin ƙofa. Ni na rufe ƙofar, shi kuma bai sake ƙwanƙwasawa ba. Kunya ce ta kama mu, mu biyu, kowa yana ganin girman ɗan'uwansa.

Tun daga ranar ya samu sabuwar gaisuwa. In ya kira ni, bayan ya tambayi gajiya da sanyi da karatu, sai ya ce, "Ya masu yatsu?" In ce suna nan, Kawu, ya jiki? Ya ce, "Lahiya lau." Kawu ko a kan gadon asibiti ka tambaye shi, lahiya lau ce. Ban taɓa jin wata amsa a bakinsa ba sai can ƙarshe.

Mun yi faɗa sau ɗaya, faɗa na gaske. Na je hutu, Tanti ta ce in ɗauko masa tabarau a aljihun rigar aikinsa. Na sa hannu na ciro fakitin ƙwayoyin ciwon baya, irin masu kashe kumburi, har kala biyu. Na tambaya, ya ce ai duk masu ɗaukar kaya suna sha, wanda ya samu ya ba ɗan'uwansa, kamar goro. Na ce maganin hawan jinin da likita ya rubuta fa? Ya ce ya bari tuni, tunda ba ya jin komai. Raina ya ɓaci. Na ce masa waɗannan ƙwayoyi in an daɗe ana sha suna cutar ƙoda, hawan jini kuma yana bugun ƴan tacen nan dare da rana. Muryata ta yi sama a gaban matarsa da ƴarsa, abin da bai kamata ba.

Ya dube ni ya ce, "Karatu munka aike ki, ko binciken aljihun manya?"

Na ce, "Kawu, gaskiya nake gaya maka."

"Gaskiya ma tana da ladabi."

Wata biyu ba mu yi magana ba. Ni taurin kai, shi taurin kai, jini ɗaya ne. Sai ga wani ɗalibi ya kira ni daga tashar jirgin Lyon wai an ba shi saƙo. Kwali ne na mangwaro, kowanne lafiyayye. Ba wasiƙa, ba komai. Haka Kawu ke ba da haƙuri. Na kira na yi godiya, ya ce ya masu yatsu, na ce suna nan. Abin takaicin shi ne ko a faɗan nan, da na yi ta zuba a kan ƙwayoyi da hawan jini, ban yi tambaya ɗayar da ta kamata ba. Na iya yi wa kawuna tsawa, amma ban iya tambayarsa yadda fitsarinsa yake ba.

Ranar wata Babbar Salla asiri ya tonu. Na shiga gaishe shi da hantsi, ya dawo daga idi ya miƙe ƙafafu a kan darduma, ya cire safa don ta matse shi. Na durƙusa in yi gaisuwa, idona ya sauka a kan idon sawunsa. Babu idon sawu. Ƙafar ta cika ta yi sumul tana sheƙi. Ban nemi izini ba. Na ɗora babban yatsana a kan ƙwaurinsa, na danna, na ƙirga biyar a zuci, na ɗaga. Gurbin ya zauna.

Mu biyu muka tsaya muna kallonsa. Mutumin da ya shekara talatin yana yi wa kayan mutane wannan gwaji bai buƙaci bayani ba. Ya yi wani ɗan murmushi ya ce, "Daga ciki take hwarawa, ko Lokotoro?"

Na ce, "Kawu, akwai kumfa?"

"Akwai."

"Tun yaushe?"

"Tun kahin in zo Lyon."

Na zauna daɓas a ƙasa. Tanti ce ta fito da takalman ta nuna mini, ta ce shi ya tsaga su da kansa, ya ce kamfanin ne ya fara ɗinka su da ƙunci.

A asibiti suka ɗebi ɗan tsokar ƙodar da allura suka duba. Likitar ta san aikina, ta juyo mini da allon. Hoton da na saba gani ne, sai dai wannan na Kawu ne. Yatsun sun shafe, tabo ya cinye yawancin ƴan tacen. Ta ce da an zo da wuri akwai magungunan da ke rage zurarar su ja wa ƙoda kwana, wani lokaci shekaru masu yawa. Yanzu kam sai wankin ƙoda, sau uku a mako. Na tambaye ta musabbabi. Ta ce ba za ta iya nuna abu ɗaya ba: ga hawan jini da aka sake, ga ƙwayoyin nan, kuma akwai wani gado da ake samu a wasu iyalai na yankinmu da ke sa waɗannan ƙwayoyin halitta saurin rauni. Ba kowa ke da shi ba, ba kuma duk mai shi ke kamuwa ba. Amma ta ce ƴan'uwansa na jini su yi gwaji.

Ya yi shekara ɗaya da ƴan watanni a kan injin. Ya mai da ɗakin wankin nan majalisa, ya san sunan jikokin kowa, yana koya wa ma'aikatan jinya zaɓen kankana. An hana shi mangwaro, wannan ya fi allurar ƙona masa rai. Wata ranar Jumma'a na zo daga Lyon na zauna gefensa, jininsa yana zagayawa cikin roba. Na ce ya jiki, ina jiran amsar da na sani. Sai ya ce, "Da sauƙi dai ba lahiya ba." Sannan ya ce, "Kin lura da Kawunki Ƙarami? Ya hwara take bayan takalmi."

Na ce na yi masa maganar gwaji har sau uku, ya ce lahiya lau.

"Ni ma na yi mishi. Cewa ya yi ni ciwo ya sa ni tsoro." Ya kamo hannuna da hannun da babu allura. "Ke kinka san abin. Kada ki ji kunyatai kamar yadda kinka ji tawa."

Bai faɗa don ya soke ni ba, amma ta shiga. Mako uku bayan nan zuciyarsa ta tsaya, da safe, yana shirin tafiya wanki.

Ranar ta'aziyya Kawu Ƙarami yana bakin ƙofa yana amsa gaisuwa. Na lura ya naɗe ƙafafunsa cikin riga, safa har sama, fatar ƙarƙashin idonsa ta ɗan tasa. Kowa ya ɗauka kuka ne. Na ja shi gefe na ce Kawu, maganar nan. Ya ce, "Ko kwana ukku ba a yi ba, ɗiyata. Lahiyata lau." Na koma Lyon da wannan amsa tana yi mini yawo a kai. Na riga na binne kawu ɗaya da lahiya lau a bakinsa, na rantse ba zan binne na biyu haka ba.

An sa addu'ar bakwai a fuwaye, ranar Lahadi bayan la'asar, a babban ɗakin da suke salla. Na biya kantin magani na sayi kwalabe biyu na tsinken gwaji, ƴan siraran takardu da ake tsomawa a fitsari su canza launi in akwai furotin. Na sa su a jaka tare da ƙananan kofunan roba. Mata suna wani ɗaki a gefe. Da aka shafa fatiha aka fara raba sadaka, na tashi na je bakin ƙofar maza na durƙusa.  Na ce wa Malam, limaminsu, ina neman izinin magana, saƙon mamaci ne.

Malam ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "In saƙon mamaci ne, ba a tare shi. Bismilla."

Maza sun kai hamsin, yawancinsu sun haife ni. Na gaishe su yadda ya kamata. Sannan na ce, "Iyayena, an ce Kawu gajeruwar rashin lafiya ya yi. Ba haka ba ne. An ce sanyin Rungis ne. Ba shi ba ne. Kwanansa ne ya ƙare, wannan ba mai musu, amma ciwon da ya zama sanadi ya yi shekaru yana nuna kansa, muka kau da kai, ni ce ta farko. Ku gafarce ni da kalmar da zan faɗa. Fitsarin Kawu ya yi shekaru yana kumfa."

Wani ya ce subhanallahi. Wani ya tashi ya fita. Na ga kawuna sun sunkuya, amma na riga na tsallake, babu komawa. Na sarƙe yatsuna na ɗaga su kamar yadda na yi a Lyon, na yi musu bayanin rariya mai rai. Na ce ba kowace kumfa ce ciwo ba, amma wadda ke zuwa kullum ta ƙi kwanciya, ko ƙafar da ke cika da yamma, ba abin rufewa ba ne. Na ce ƙwayar ciwon baya ba goro ba ce. Na ce tsinken nan ba ya yanke hukunci, nuni kawai yake yi a je wa likita, kuma ba wanda zai miƙo mini kofi: kowa ya shiga bayi shi kaɗai, ya tsoma, ya gwada launin da na jikin kwalba.

Kawu Ƙarami ya miƙe. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"A gaban mutane? Ranar addu'ar yayana za ki tona mishi asiri?"

Na ce, "Shi ya aiko ni, Kawu. Kuma wurinka ya aiko ni."

"Na ce miki lahiyata lau!"

"Haka shi ma ya ce."

Tsohon nan na Rungis, mai maganar sanyi, shi ne ya motsa. Yana zaune kusa da ƙafafun Kawu Ƙarami. Ya ɗaga babban yatsansa sama. Duk wanda ya yi aiki da Kawu ya san wannan yatsa. Ya ce, "Ni ban yi karatun boko a lakwal ba, amma gwajin marigayi na iya shi. Zamna, ɗan'uwa. In an danna hwatar ta dawo, ni da kaina zan ba yarinyar ga rashin gaskiya."

Kawu Ƙarami ya tsaya kamar zai fita. Sannan ya zauna. Ya ture hannun tsohon, ya janye safarsa da kansa, ya ɗora nasa yatsan a kan ƙwaurinsa ya danna. Ya ɗaga. Daga bakin ƙofa inda nake durƙushe ina ganin gurbin.

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Kawo abin."

Malam ne na biyu da ya karɓa, ya ce shi ma ƙafa gare shi. Bayan shi sai layi. Kwalba ɗaya ta ƙare a ranar, ɗayar na bar ta a hannun Malam. Wanda ya tashi ya fita bai dawo ba, kuma na ji har yau yana cewa ba ni da kunya. Ya je ya yi ta faɗa. Na ga abin da kunyata ta jawo, na ƙoshi da ita.

Na ɗauki hutu na raka Kawu Ƙarami asibiti. A metro bai yi mini magana ba, a ɗakin jira ma haka. Gwaji ya nuna furotin na zurara sosai, jininsa ya hau, amma ƙodar tana aiki, akwai sauran abin ceto da yawa. An sa shi a magani, an hana shi gishiri da ƙwayoyin aljihu, an ba shi ranar dawowa. Ƴar Kawu ta yi nata gwajin, ba a ga komai ba. Inna ma na matsa mata ta waya har ta je, ta kira ni tana mita wai na mai da ita ƴar yarinya. Tambayarta kuwa na amsa mata ba kwana-kwana. Na ce Inna, na gani, kunya ce ta sa na sunkuyar da kai. Ta ce Allah Ya yafe mana gaba ɗaya.

Takalman Kawu suna wurina a Lyon. Tanti ta so ta zubar, na roƙa. Suna ƙarƙashin teburina a labo, abokan aikina sun gaji da tambaya sun bari.

Jiya da hantsi ina gaban allo wayata ta yi ƙara. Kawu Ƙarami ne, karo na farko da ya kira ni da kansa tun ranar addu'a. Muka yi gaisuwa mai tsawo, gajiya, sanyi, aiki, mutanen gida. Na ce, "Kawu, ya jiki?" 

Ya yi gyaran murya. Na ji ya tashi ya rufe ƙofa. Sannan ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, "Ƙahwar ta saɓe. Kumfar hitsarin ta ragu, amma ba ta ɗauke duka ba. In gaya ma likita haka?"

Na ce, "Ka gaya masa haka, Kawu. Kamar yadda ka gaya mini."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya suturta shi kamar yadda ya suturta ƴaƴan mutane a cikin sanyi. Ya yafe masa shirunsa, Ya yafe mini nawa. Saƙonka ya isa, Kawu. Ranar Laraba za mu koma asibiti, ni da ƙanenka.